Waiwaye: Yadda ciwon baifola ya daɗe yana gagarar masu shirya fim

A finafinan Najeriya, mai taɓin hankali ya daɗe da kamanni guda: tsumma a jiki, gashi a cukurkuɗe, yana tsintar abinci a bola. Hoton ya samu gindin zama tun 1992, lokacin da Kenneth Nnebue ya fitar da Living in Bondage a Legas. Jarumin ya sadaukar da matarsa ga 'yan ƙungiyar asiri don ya yi arziki, fatalwarta ta haukata shi, addu'ar coci ta warkar da shi. Finafinan Hausa da mutanenmu na unguwannin Agege da Idi-Araba a Legas suka riƙa kallo a kaset sun zo da nasu salon: kishiya ta yi sammu, ko aljani ya shiga, malam ya yi ruƙiyya, kowa ya tashi garau kafin fim ya ƙare.

Ciwon da likitoci ke kira baifola bai dace da wannan zubin ba. Tun 1854 likitocin Faransa biyu, Falret da Baillarger, suka bayyana wata larura da ke kai mutum ƙololuwar zumuɗi, sannan ta jefa shi cikin matsananciyar damuwa. A 1949 John Cade na Ostareliya ya gano cewa sinadarin litiyam yana kwantar da zumuɗin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ciwon da kusan miliyan 40 a 2019.

A nan gida kuwa, tsarewa aka fara sani kafin magani. A 1907 Turawan mulkin mallaka suka buɗe gidan mahaukata na Yaba, wanda ya zama asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a yau. Dokar mahaukata ta 1958 ta ci gaba da aiki har Janairun 2023, lokacin da Shugaba Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Tsawon shekarun nan, a bakin ɗan Legas, a ce an kai ka Yaba zagi ne. To wa zai kai kansa?

Ga inda gizo ke saƙar. Ɗauki ɗan kasuwar tumatir a kasuwar Mile 12 ta Legas. Mako uku yana barcin awa biyu kacal, yana karɓar kaya mota-mota a kan bashi, yana raba kuɗi ga 'yan dako, magana kamar ruwan sama. Babu mai cewa ba shi da lafiya, sai dai a ce Alhaji ya samu buɗi. A garin da ake yabon wanda ba ya runtsawa, wannan ma abin alfahari ne. Bayan wata biyu ya kulle kansa a ɗaki, waya a kashe, wanka ma ya gagara. Abokai su ce, "Haba Alhaji, ka yi tawakkali mana, asara ba a kanka aka fara ba." Idan abin ya ƙi, a sa shi a motar Arewa a ce ya je gida a nemo masa magani. Shekaru na iya shuɗewa a haka, domin ko ya ga likita, yawanci lokacin damuwar yake zuwa, ba ya ba da labarin makonnin zumuɗin tunda bai ɗauke su ciwo ba.

Mai shirya fim da ke son nuna wannan dole ya haƙura da tsumma da bola. Ciwon yana ɓoye ne a tazarar da ke tsakanin yanayin biyu, don haka aikin yana hannun mai tace hoto da mai sauti: saurin yanka da hayaniyar hon ɗin motocin haya na danfo a makonnin zumuɗi, sai doguwar tsayawar kyamara a kan kwanon abincin da ba a taɓa ba. A ganina wannan ya fi wahalar sayarwa, shi ya sa furodusoshi ke gudunsa.

Sauyin ya fara ne daga wajen masana'antar. A 2016 Hauwa Ojeifo, wadda ta fito fili ta ce tana da baifola, ta kafa ƙungiyar She Writes Woman mai wayar da kai kan lafiyar ƙwaƙwalwa. A 2020 Damilola Orimogunje ya fitar da For Maria Ebun Pataki, kan damuwar bayan haihuwa, ba boka ba tsafi, sai mace da mijinta da surukarta a cikin gida. Ciwon daban ne, amma ya nuna wa masu fim na Kano cewa ana iya riƙe mai kallo ba tare da an kira aljani ba.