Tafiya da jikoki a mota: ga amsoshin, a daina maimaita tambaya

Daga Katsina, ina ya fi dacewa a fara kai su?

Daura. Kusan kilomita 80 ce, a je a dawo rana ɗaya. Ku kai su rijiyar Kusugu su ji labarin Bayajida da macijiya a inda aka ce abin ya faru, ku biya ta ƙofar fadar Sarki. Amma Alhaji, yaron da bai taɓa ganin hasumiyar Gobarau da ke nan cikin Katsina ba, me ya kai shi wani gari tun yanzu?

Ƙarfe nawa za mu tashi?

Bayan sallar asuba. Ku dawo kafin magariba. Ba a tafiyar dare da yara, kuma wannan ba abin muhawara ba ne.

Zan iya ɗora ƙaramin a cinya a gidan gaba?

A'a. Kujerar baya, da bel a ɗaure. In aka taka birki da ƙarfi, hannun kaka ba ya riƙe yaro, komai son da take masa. Ya yi kukansa ya gaji, Hajiya, ba abin da kuka zai yi masa.

Me za a duba a motar?

Kai wa makanike kwana biyu kafin tafiya, ba ranar ba. Birki, baƙin mai, ruwan lagireto, tayoyi. Safaya kuma a tabbatar da iska a cikinta, don da yawa sai a daji suke gane ta sace tun bara.

Muna da dangi a Damagaram. Za mu iya tsallakawa Nijar da jikokin ta kan iyakar Kongolam?

To, nan sai an bi a hankali. Da can mutanen Daura da Mai'adua shiga suke yi su fito ba wani tunani, dangi ɗaya ne, kasuwa ɗaya. Amma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe iyakar, sai a Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren, sannan a Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS. Ke nan abin da ya yi wa maƙwabcinka aiki bara ba lallai ya yi maka bana ba. Ka tambayi direban da ya bi hanyar a makon nan, wanda ya ji a majalisa ba shaida ba ne. Ka ɗauki takardar tafiyarka, takardun mota cikakku, katin rigakafin shawara, da takardar haihuwar kowane yaro. Na fi son kuma uban yaran ya rubuta cewa ya amince, ya sa hannu da lambar wayarsa. Mai yiwuwa ba wanda zai nema. Mai yiwuwa kuma a tsayar da kai, domin dattijo da yara huɗu da ba shi ya haifa ba dole jami'i ya yi tambaya, kuma yana da gaskiya, safarar yara ba tatsuniya ba ce. In takardun ba su cika ba, ku tsaya Daura, dangin su zo su same ku.

Jikata tana amai a mota.

Ba ciwo ba ne, kwantar da hankalinki. Kada ta cika ciki kafin tashi, a karɓe wayar daga hannunta, ta riƙa kallon hanya, a ɗan sauke gilashi. Leda da kayan canji su kasance kusa. Magani kuwa, kar a ba ta sai an tambayi likita.

Guzuri fa?

Ruwa mai yawa, dabino, gurasa, ƙuli-ƙuli. Fura da nono in ta daɗe a zafin mota tsami take yi, a sha ta da wuri ko a bar ta a gida.

Sai na faɗa wa uwarsu?

Haba Alhaji. Don kana kiran jikar taka "amaryata" ba shi ne ka biya sadaki ba. Faɗa mata, ka kuma tambaye ta wane ne yake shan magani a cikinsu.