Sa Hannun Shugaban Ƙasa Kaɗai Ba Ya Gyara Tsarin Mulki

Duk shekarar da na tambayi ɗalibaina wa ke gyara tsarin mulkin Najeriya, amsar ɗaya ce: "Malam, shugaban ƙasa." Ba na ganin laifinsu, don hoton da suka saba gani a talabijin shi ne na shugaba riƙe da biro yana sa hannu. Amma wannan sa hannun ƙarshen doguwar tafiya ne.

Sai in buɗe musu sashe na 9 na tsarin mulkin 1999. Gyara yana bukatar amincewar kashi biyu bisa uku na Majalisar Dattawa mai kujeru 109, da na Majalisar Wakilai mai 360. Daga nan a aika wa majalisun dokokin jihohi, kuma sai 24 daga cikin 36 sun yarda. Ta wannan hanyar aka bi a 2018 aka rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na ɗan majalisar wakilai kuma daga 30 zuwa 25.

Inda na fi daɗewa da su shi ne Babi na Huɗu, mai ɗauke da 'yancin rayuwa, na addini, na faɗin albarkacin baki da na samun shari'ar adalci. Shi an ƙara masa sakata. Kafin a taɓa shi sai an samu kashi huɗu bisa biyar na kowace majalisa, wato wakilai 288 da sanatoci 88, sannan kuma jihohin nan 24 su yarda. Nakan sa su yi lissafin da kansu a allo.