Shanyewar Ɓarin Jiki: Dalilin da Ya Sa Likita Ke Neman Hoton Ƙwaƙwalwa Kafin Ya Ba da Magani

Idan mutum yana zaune lafiya kalau, kwatsam bakinsa ya karkace, hannunsa ɗaya ya mutu, ko harshensa ya yi nauyi har ba a gane maganarsa, to ɗayan biyu ne ya faru a cikin kansa: ko dai gudan jini ya toshe jijiyar da ke kai wa ƙwaƙwalwa jini, ko kuma jijiyar ta fashe jini ya malala ciki. Toshewar ta fi yawa nesa ba kusa ba, amma a ido alamominsu kusan ɗaya ne, kuma komai ƙwarewar likita ba zai tabbatar da wanne ne ba sai ya ga hoto. Allurar da ke narkar da gudan jini, wadda ake yi cikin awa 4 da rabi da fara ciwon, ita ce za ta ƙara ɓarkewar jinin idan fashewa ce. Shi ya sa nake roƙon ku da kada ku ba mara lafiya asfirin a gida, tunda yana tsinka jini, kada kuma ku ɗura masa ruwa ko abinci, domin maƙogwaronsa na iya kasa haɗiya ya shaƙe.

Ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da na'urar MRI ko ta CT. Na'urar MRI tana aiki da maganaɗisu mai ƙarfin gaske da igiyar rediyo, ba da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi ba. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da jini ya yanke musu sukan kumbura su riƙe ruwa, na'urar kuwa tana gano wannan canji cikin 'yan mintoci, alhali hoton CT, wanda ake ɗauka da irin hasken hoton ƙashi, na iya fitowa kamar babu komai a awannin farko. Wani bincike da aka yi a Amurka kan marasa lafiya 356, aka buga shi a 2007, ya nuna MRI ta gano kashi 83 cikin 100 na masu ciwon, CT kuwa kashi 26. Zubar jini ma ba ya ɓuya wa MRI, saboda sinadarin ƙarfen da ke cikin jini yana barin tabo baƙi a hoton, ko da zubar ta daɗe da faruwa. Wanda ya wayi gari da ciwon, ba a san sa'ar da ya fara ba, shi ma yana amfana, domin kwatanta hotunan MRI iri biyu yana nuna wa likita ko ciwon sabo ne da allura za ta iya yi masa aiki.

Duk da haka, kada kowa ya ƙi CT yana jiran MRI. CT ta fi sauri, ta fi samuwa, kuma tana nuna sabon jini sarai. Hoton da ya samu a kan lokaci shi ne mai amfani, tunda ana ƙiyasta cewa kusan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa miliyan 2 ke mutuwa kowane minti idan babbar jijiya ta toshe.

Wanda ya rako mara lafiya ya sanar da ma'aikata tun a bakin ƙofa idan akwai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirjinsa, ko ɓarɓashin ƙarfe a ido, ko ƙarfen da aka dasa masa a wata tiyata, domin maganaɗisun na iya motsa su. Ya kuma faɗi ƙarfe nawa ne aka yi masa ganin ƙarshe yana lafiya, da ko yana shan maganin tsinka jini.