Sassabin zamani: yadda manoman Maraɗi suka maido da itatuwa cikin gonakinsu

Duk shekara idan damina ta sauka sai a yi bikin dashen bishiyoyi, a ɗauki hoto, a watse. Kafin watan Maris awaki da rana sun gama da mafi yawansu. Wannan abu yana ci mini rai, shi ya sa nake son mu duba abin da manoman kudancin Nijar suka yi da hannunsu, wanda suke kira sassabin zamani.

Mene ne sassabin zamani?

A da, idan manomi ya shiga sassabe kafin damina, duk wani toho da ya fito daga kututture sai ya sare shi, ya tara ya banka wuta, gona ta yi fes. A sassabin zamani kuwa tsugunawa yake gaban kututturen kalgo ko sabara ko gawo, ya duba tohon da suka fito, wataƙila ashirin ne ko fiye. Sai ya zaɓi biyu zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa ya bar su, ya cire sauran, ya datse rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi. Shi ke nan. Ba a sayen iri, ba a ɗaukar ruwa a jarka, domin saiwar tsohuwar bishiya tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, ta riga ta nutsa inda danshi yake. Shi ya sa tohon ke girma da sauri fiye da dashe.

Daga ina abin ya faro?

Barin itace a gona tsohuwar al'ada ce. A ƙasar Damagaram sarakuna sun hana saran gawo, da hukunci mai tsanani ga wanda ya karya. Farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980, da yawan jama'a, da shawarar malaman gona ta a share gona tas, su suka kwashe itatuwan.

A 1983 wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki a Maraɗi, ya tsaya a hanya don ya rage iskar tayoyin motarsa saboda yashi. Ya ɗauki shekaru yana dashen itatuwa suna mutuwa. Da ya duba wani ɗan kurmi a gefen hanya, sai ya gane daga ganyensa cewa bishiya ce da aka sare take neman tashi. Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin toho a gona a ƙauyuka kusan 100. Da rabon ya ƙare, mutane suka sare mafi yawan itatuwan. Kaɗan ne suka bar nasu, kuma gonakin waɗannan kaɗan ɗin ne suka zama makaranta ga maƙwabta.

In dabarar tana da sauƙi haka, me ya sa aka sare su?

Saboda itacen ba na manomi ba ne. Dokar gandun daji da aka gada daga mulkin Faransa ta ɗauki itatuwa dukiyar hukuma, har wanda ke tsakiyar gonarka. Ka datse reshe, ma'aikacin gandun daji ya ci tararka. Wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Kuma in ka bar shi ya girma, wani ya zo cikin dare ya sare, ba ka da bakin ƙara. Sai da hukumomi suka sassauta, mutane suka tabbata cewa wanda ya rena shi zai ci, sannan abin ya kankama. Daga baya doka ta bi sahu: dokar gandun daji ta 2004, sannan a 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa kan itacen da ya rena a gonarsa.

Wa ke tsare itacen idan mai gona ya tafi cin rani?

Nan ne zancen yake, kuma nan ne masu kawo shiri daga birni suke yawan tuntuɓe. Mutum ɗaya ba ya iya gadin gona wata takwas na rani. A ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agye a jihar Maraɗi, jama'a suka zauna suka kafa kwamitin sa ido, suka yanka wa kansu ƙa'ida: wane ne ke da ikon sara, yaushe, kuma mene ne hukuncin ɓarawon itace. Abin da ya fi burge ni shi ne waɗanda aka zaunar a kwamitin. Akwai mata, domin su ke neman itacen girki, su suka san inda ake sata da lokacin da ake yi. Akwai makiyaya, domin dabbobinsu ne za su ci tohon ko su bar shi, kuma su ma suna da rabo: 'ya'yan gawo da ganyensa abincin dabba ne a tsakiyar rani, lokacin da ciyawa ta ƙare. Da an bar Bafulatani a waje, da ƙa'idar ta zama abin faɗa tsakanin manomi da makiyayi.

Labarin kuma ba da takarda ya yaɗu ba. Manomi ya je kasuwa ko biki a wani gari, ya ga geron ɗan'uwansa ya fi nasa, ya tambaya. Aka riƙa kai manoma ziyarar gonakin juna, gidajen rediyo suka ɗauka da Hausa. An ce gani ya kori ji.

Inuwar itacen ba ta rage amfanin gona?

Ya danganta da itacen da kuma yadda ake datse shi. Gawo dai shi ne sarki a nan: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa gero rana, da rani kuma ya yi kore, dabbobi su kwanta a gindinsa su bar taki. Saiwarsa ma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Itatuwan suna kuma karya iskar farkon damina, wadda ke binne shuka da yashi har manomi ya sake shuka sau biyu ko uku.

Yaya girman abin da aka samu?

Masu bincike da suka gwada tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram, da ƙarin hatsi kimanin tan 500,000 a shekara. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso.

Mu a ɓangaren Najeriya na iyaka, ta ina za a fara?

Ƙasar Jibiya da Daura da Maigatari ɗaya ce da ta Maraɗi da Magarya, kututturen ma iri ɗaya ne. Najeriya ta kafa hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa a 2015 don jihohi 11 na arewa, amma ba sai an jira ta ba. Kowane ƙauye yana da maigari, da liman, da arɗo, da ƙungiyar adashin mata, da samarin da ke fita gayya. A tara su tun kafin lokacin sassabe, a amince cewa itacen gona na mai gona ne, a faɗi tarar wanda ya sara ba da izini ba, liman ya sanar bayan sallar Juma'a. Sai a sami mutum biyu ko uku masu gona a bakin hanyar kasuwa su fara barin tohonsu, inda duk mai wucewa zai gani.