Bincike da Tasirin Ilimi a Jami'ar Jos

Jami'ar Jos jami'a ce ta gwamnatin tarayya da ke babban birnin Jihar Filato. Ta soma a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, ta tsaya da ƙafarta a 1975, tana cikin jami'o'i bakwai da gwamnatin soja ta kafa a lokacin. Shugabanta na farko shi ne Farfesa Gilbert Onuaguluchi, masanin ilimin magunguna. Tsangayoyinta suna warwatse tsakanin harabar Titin Bauchi da mazauninta na dindindin a Naraguta, asibitin koyarwarta kuma yana Lamingo. Binciken da ya fi fito da sunanta a duniya, kusan dukkansa daga ƙasar Filato ya tsiro: cututtukan mutanenta, duwatsunta, ramukan kuzarta da rikice-rikicenta.

Fannin lafiya

Nan ne jami'ar ta fi yawan rubuce-rubuce a mujallun duniya. Misalin da ya fi fice shi ne binciken cutar laushin ƙashi, wadda ke sa wa yara gwame ko bakan ƙafa. Likitoci sun daɗe suna ɗora laifinta a kan ƙarancin bitamin D, wanda fata ke samarwa idan rana ta taɓa ta. To amma yaran Jos ba su rasa rana ba, ga kuma cutar a unguwanni. Dokta Thomas Thacher da abokan aikinsa a asibitin koyarwa sun gwada magani a kan yara 123, sakamakon ya fito a mujallar New England Journal of Medicine a 1999. Sun gano cewa sinadarin kalsiyam, shi kaɗai ko haɗe da bitamin D, ya fi bitamin D kaɗai warkarwa. Ashe matsalar daga tukunya take: tuwon masara da na dawa kullum, madara kuwa sai an gani. Wannan aiki ya sauya yadda ake fahimtar cutar a ƙasashe masu zafin rana, kuma masu bincike suna ci gaba da kafa hujja da shi.

Cuta mai karya garkuwar jiki ta buɗe wani babin. A farkon shekarun 2000 asibitin ya shiga APIN, shirin yaƙi da cutar a Nijeriya, tare da Jami'ar Harvard, daga 2004 kuma tallafin PEPFAR na gwamnatin Amurka ya faɗaɗa shi. Cibiyar Jos, wadda Farfesa John Idoko ya jagoranta kafin ya shugabanci NACA, hukumar yaƙi da cutar ta ƙasa, ta zama ɗaya daga cikin mafiya girma a ƙasar. Bayanan dubban marasa lafiya da aka adana shekara da shekaru su ne suka haifar da tarin maƙalu kan bijirewar ƙwayar cutar ga magani, haɗuwarta da tarin fuka da ciwon hanta, da hana ta ratsawa daga uwa zuwa jariri.

Sai saran maciji, bala'in manoman Langtang da Shendam, inda kububuwa, wadda ake wa kirari da gobe da nisa, take da yawa. Farfesa John Aguiyi da abokan bincike a Italiya sun nazarci 'ya'yan ƙarara, shukar nan mai ƙaiƙayi, da yadda sinadaran cikinsu ke rage kaifin dafi a gwajin ɗakin bincike. Daga baya Aguiyi ya jagoranci cibiyar ACEPRD ta binciken magungunan tsirrai, wadda Bankin Duniya ya tallafa wa a shirinsa na manyan cibiyoyin ilimi na Afirka da ya fara a 2014.

Tsuntsayen Amurum

A gabashin Jos, kusa da ƙauyen Laminga, akwai dajin Amurum. A nan cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis take, wadda aka fi sani da APLORI. An kafa ta a farkon shekarun 2000 da haɗin gwiwar jami'ar, gidauniyar Leventis, Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya da mutanen Laminga da kansu. 'Yar ƙaramar cibiya ce, ɗalibanta na digiri na biyu ba su da yawa a shekara, amma amonta ya zarce girmanta nesa ba kusa ba.

Dajin gida ne ga wani jan tsuntsu dangin baiwar Allah mai zama cikin duwatsu, Lagonosticta sanguinodorsalis, wanda sai a 1998 masana suka tantance shi a matsayin jinsi na daban. Tare da shi akwai wani tsuntsu, Vidua maryae, wanda ke zuba ƙwai a sheƙarsa, har ma yana kwaikwayon kukansa. Masu bincike a cibiyar, da abokansu na Jami'ar St Andrews, sun kuma bibiyi ƙananan tsuntsayen da ke barin Turai su yi cirani a Afirka ta Yamma, suna sa musu zobe a ƙafa don a san ko suna komawa gonar da suka bari bara. Daga nan ake gudanar da aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda ya dogara da 'yan sa-kai a jihohi daban-daban. Mafi girman amfanin cibiyar shi ne mutanen da ta yaye, waɗanda yanzu ke koyarwa da aikin kare dazuzzuka a ƙasashen yankin.

Kuza, tarihi da zaman lafiya

Haƙar kuza ta bar kududdufai da tudun ƙasa a kewayen Bukuru da Barikin Ladi. Malaman ilimin duwatsu da na kimiyyar fiziks sun yi aune-aune masu yawa kan tururin nukiliya da ke fita daga ragowar ƙasar kuza, wadda wasu ke ɗiba su yi gini, da kuma ingancin ruwan kududdufan da ake noman rani da su.

A ɓangaren zamantakewa, Farfesa Ali Mazrui na Kenya ya riƙe kujerar farfesa mai sunan Albert Luthuli a jami'ar. Farfesa Isawa Elaigwu ya yi suna kan nazarin tsarin tarayya, Farfesa Monday Mangvwat kuma kan tarihin al'ummomin Filato. Bayan rikicin Jos na Satumban 2001 aka kafa cibiyar nazarin sasanta rikici da zaman lafiya, inda batun ɗan ƙasa da baƙo, da takaddamar manoma da makiyaya, suka zama abin nazari. Aiki ne mai nauyi, domin mai binciken da wanda ake bincike a kansa sau da yawa kasuwa ɗaya suke ci.

Adanawa da yaɗawa

Jos ta riga takwarorinta da dama rungumar kwamfuta. Wahalar intanet da Cliff Missen, malami daga Amurka, ya gani a jami'ar a 1999 ita ta kai ga ƙirƙiro eGranary, rumbun littattafai da maƙalu da ake karantawa ba tare da intanet ba. Gidauniyar Carnegie ta tallafa wa jami'ar a shekarun 2000. A 2009 ɗakin karatunta ya buɗe rumbun intanet na kundayen digiri da maƙalun malamai, wanda ake lissafawa a matsayin na farko a jami'o'in Nijeriya.

Auna tasiri da cikas

Ana auna tasirin bincike da yawan maƙalu da yawan waɗanda suka kafa hujja da su, ta kafofi irin su Scopus da Google Scholar. Wannan ma'auni ya fi yi wa likitoci da masana kimiyya adalci. Malamin tarihi ko na harsuna da ya wallafa littafi a Jos, ko maƙala a mujallar tsangaya da ba ta hau intanet ba, da wuya ya bayyana a lissafin, ko da aikinsa ne ɗalibai ke karantawa. Kuma kusan duk abin da ake wallafawa da Turanci yake, saboda haka uwar da binciken gwame ya shafa ba kasafai labarinsa ke isa gare ta da Hausa ko Berom ko Ngas ba.

Kuɗin bincike na cikin gida yawanci daga TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, yake zuwa, manyan ayyukan kuwa sun jingina da tallafin waje, wanda ke iya yankewa. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ya rufe azuzuwa kusan wata tara a 2020 da wata takwas a 2022, ya tsayar da ɗaliban digiri na uku a tsakiyar gwaji. A watan Oktoban 2016 kuma gobara ta cinye ginin ɗakin karatu na Naraguta, tare da littattafai, kundaye da ofisoshin wasu sassan da ke cikinsa.