Waiwaye: Yadda gatari ya zama soja a rubutun Sinawa

Harafin 兵 ba shi da wuyar rubutu, jan alƙalami bakwai ne kacal, kuma duk yaron da ya yi firamare a ƙasar Sin zai gaya maka soja yake nufi. Sai dai da farko makami yake nufi, mutumin daga baya ya shigo.

Mafi tsufan samfurinsa yana jikin ƙasusuwan shanu da ƙoƙon kunkuru waɗanda bokayen fadar daular Shang suke duba da su, fiye da shekaru 3,000 da suka wuce. A 1899 masana suka gane cewa zanen da ke jikin ƙasusuwan nan rubutu ne, daga baya aka tono dubbansu a Anyang da ke lardin Henan. A kansu hoton a fili yake: gatari a sama, hannaye biyu a ƙasa sun damƙe ƙotarsa. Babu kai, babu gangar jiki. Gatarin nan har yau yana nan a matsayin harafi mai zaman kansa, 斤. Malam Xu Shen, wanda ya tsara ƙamus ɗin haruffa mai suna Shuowen Jiezi wajen shekara ta 100 Miladiyya, haka ya bayyana shi: makami ne, hannaye biyu riƙe da gatari, alamar haɗa ƙarfi.

Wanda bai san wannan ba zai iya tafka kuskure a tsofaffin littattafai. Marubucin tarihi Sima Qian ya ce da Sarki Qin Shi Huang ya haɗe ƙasar a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sai ya tattara dukkan 兵 na ƙasa zuwa babban birninsa Xianyang, aka narkar da su, aka ƙera ƙararrawa da manyan mutum-mutumi 12. Ba sojoji aka narkar ba, takubba da masu aka zuba a wuta, don kada talakawan da aka ci da yaƙi su sami abin yin bore.

To yaya makami ya koma mai riƙe da shi? Bahaushe ba zai yi mamaki ba, tunda shi ma ya kira ma'aikacin tsaro ɗan sanda. Sinawa dai ko "ɗan" ɗin ba su sa ba, sandar kawai suka kira. A ƙarnonin yaƙe-yaƙen dauloli, daga 475 zuwa 221 kafin Miladiyya, yaƙi ya tashi daga hannun 'ya'yan sarauta masu keken doki ya koma hannun manoma da ake kwasowa dubu-dubu a miƙa wa kowa mashi. A ganina nan ne ma'anar ta samu gindin zama: ga mai mulki, mashi dubu da mutum dubu lissafi ɗaya ne. Daga nan kalmar ta ƙara faɗi, ta zama runduna, ta zama yaƙin kansa. Shi ya sa littafin dabarun yaƙi na Sunzi ya buɗe da ita, inda ya ce 兵 babban al'amari ne ga ƙasa, kuma yaƙi yake nufi.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne ƙasƙancin da mai wannan suna ya sha. A zamanin daular Song, daga 960 zuwa 1279, ana yi wa sojoji zane a fuska ko a hannu don kada su tsere. Akwai karin maganar da ke cewa ƙarfe mai kyau ba a ƙera ƙusa da shi, namijin kirki kuwa ba ya shiga soja. Da siffar harafin ta sauya har gatari da hannaye suka daina fitowa, sai mutane suka raba shi gida biyu, 丘 (qiu) da 八 (ba), suka riƙa kiran soja "qiuba" don raini. Wannan rabon ba shi da alaƙa da asalin harafin ko kaɗan.

A Sinancin Mandarin ana furta shi "bing", da murya a sama, a miƙe ba lanƙwasa. Mai jin Hausa ya san aikin karin sauti, don haka zai gane dalilin kiyayewa: in muryar ta faɗo daga sama, rashin lafiya ka ambata, in ta nutse ta taso kuma, waina ce. Ƙanƙara ma "bing" ce da sauti iri ɗaya sak, rubutu ne yake raba su. Maƙwabta sun ari harafin da lafazinsa: Japanawa na cewa "hei", Koriyawa "byeong", mutanen Biyetnam "binh".

Yau za ka gan shi a sunan mutum-mutumin sojoji na yumbu, Bingmayong, da manoma masu haƙa rijiya suka ci karo da su kusa da birnin Xi'an a 1974. Yana kan 'ya'yan darar Sinawa, inda ɓangaren ja yake da 兵 guda biyar a sahun gaba. Har wasan ƙwallon tebur ya samu rabonsa: an cire wa harafin ƙafar dama ya zama 乒, an cire ta hagu ya zama 乓, a haɗe ana karanta su "pingpang", ƙarar da ƙwallon take yi in ta bugi tebur.