Ma'anar "sifam", da yadda masu ɗaukar ma'aikata suka ɗora ta a kan masu neman aiki

Kwanan nan duk inda aka taɓa maganar ɗaukar aiki sai ka ji kalmar "sifam". Na ji wani jami'in ɗaukar ma'aikata a wani shirin rediyo yana kukan cewa yawancin takardun da ke shigo masa sifam ne. Da aka nemi ya yi bayani, sai ya ce mutane ne da ba su da gogewar da ya nema. Nan raina ya sosu. Wanda bai cika sharuɗɗa ba, sunansa wanda bai cika sharuɗɗa ba. Sifam wani abu ne daban, kuma wannan cakuɗewar tana jawo wa mutane na gaske asara.

Asalin kalmar sunan naman gwangwani ne, SPAM, wanda kamfanin Hormel na Amurka ya fara sayarwa a 1937. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an yi ta jigilarsa zuwa Birtaniya, aka ci har ya ginshi mutane. A 1970 'yan wasan barkwanci na Monty Python suka yi wani ɗan wasa a talabijin na BBC: gidan abinci ne da kusan duk abin da ka nema akwai wannan nama a ciki. Wata mata ta nace ita ba ta so, sai wasu mutane da ke zaune a gefe suka ɓarke da waƙa suna maimaita sunan naman, suna ƙara murya, har babu mai jin abin da wani ke faɗa. Daga wannan wasa masu amfani da intanet na farko suka ari kalmar.

A lura da abin da aka ara. Ba a ce naman ya ruɓe ba. Abin da ya dami matar shi ne ana tura mata abin da ba ta nema ba, ana maimaita shi, kuma hayaniyarsa ta danne maganar da take son yi. Tarihin kalmar a intanet ma haka ya tafi. A 1978 wani ɗan talla na kamfanin kwamfuta na DEC mai suna Gary Thuerk ya aika tallar kwamfuta ga mutum kusan 400 a lokaci guda ta ARPANET, wato kakar intanet. A 1994 wasu lauyoyi biyu, Laurence Canter da Martha Siegel, suka watsa talla guda kan cacar takardar zama a Amurka a zaurukan tattaunawa na intanet da ake kira Usenet sama da 5,000, har da zaurukan da ba ruwansu da shige da fice. Kwamfutar da Thuerk ya tallata ta gaske ce, lauyoyin ma lauyoyi ne na gaske. Laifinsu yadda suka aika ne: saƙo ɗaya, jama'a masu yawa, ba tare da duba wa ake aika wa ba. Wato kalmar tana bayyana halin aikawa ne, ba ta auna darajar mai aikawa.  

To, a nan ne maganar neman aiki ta sha bamban. Kamfanin da ya buga tallar gurbi shi ya yi kira. Ta yaya za ka yi shela a zo, sannan ka ce wanda ya zo ya zo ba gayyata? Kuma su kansu shafukan neman aiki irin su LinkedIn da Indeed ne suka ƙirƙiro maɓallin da za ka danna sau ɗaya ko biyu takardarka ta tafi. An sauƙaƙa ƙofa da gangan don a samu yawa, yawan ya zo, sai aka sa masa sunan zagi.

Ba ina cewa babu sifam na gaske a wannan fage ba. Akwai, kuma ya ƙaru tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022. Akwai manhajojin da ke bin tallan aiki suna cike fom da kansu, ɗaruruwa a dare ɗaya, mai sunan yana barci, bai ma san kamfanin da ya nema ba. Akwai masu turo CV da aka dasa wa muguwar manhaja, domin sun san aikin jami'in ɗaukar ma'aikata shi ne buɗe fayil daga baƙon da bai sani ba. Akwai kuma masu sunan bogi. A Yulin 2024 kamfanin KnowBe4, wanda sana'arsa ma koyar da tsaron intanet ce, ya bayyana da bakinsa cewa ya ɗauki injiniya wanda daga baya ya gano ɗan Koriya ta Arewa ne da ya yi amfani da bayanan wani Ba'amurke da hoton da aka gyara da ƙirƙirarriyar basira. Ya tsallake hirarraki ta bidiyo, aka aika masa kwamfutar aiki, yana karɓa ya fara loda muguwar manhaja. Wannan ma ya wuce sifam, zamba ce.

Yadda manhajar ɗaukar aiki, wadda ake kira ATS, irin su Workday da Greenhouse, ko kuma shafin kamfani ke kama irin waɗannan shi ne zai nuna maka bambancin da nake nufi. Ana ɓoye wani gurbi a fom wanda idon mutum ba ya gani. Ɗan adam zai bar shi fayau, manhaja kuwa sai ta cike shi, ta tona kanta. Ana duba lokaci: fom mai shafi huɗu da aka gama cikin daƙiƙa uku ba hannu ne ya cike shi ba. Ana duba ko sunaye talatin sun fito daga adireshin intanet ɗaya ko lambar waya ɗaya, ko imel ɗin irin na wucin gadi ne mai mutuwa bayan 'yan mintoci. Ana tura lambar tabbatarwa. Duk cikin waɗannan babu wanda ya tambayi digirinka ko shekarunka a bakin aiki. Tambaya ɗaya suke yi: akwai mutum a bayan wannan takarda, kuma shi ne wanda ya ce shi ne?

Wannan ita ce rariya ta farko. Rariya ta biyu ita ce ta cancanta: shekara nawa ka yi, wace takardar shaida kake da ita, kalmomin da ke cikin talla sun fito a CV ɗinka ko ba su fito ba. Kamfani na da haƙƙin sa ta. Amma ita ma tana zubar da tsaba tare da tsakuwa. Binciken da Makarantar Kasuwanci ta Harvard ta yi da kamfanin Accenture a 2021 ya samu kashi 88 cikin ɗari na masu ɗaukar aiki sun amince cewa ana tankaɗe ƙwararrun da suka iya aikin, don kawai ba su dace da kalmomin talla daidai wa daida ba. Kafin wannan, a 2018, Reuters ta ruwaito cewa Amazon ya jingine wata manhajar tantancewa da ya gina, bayan ya gano tana rage wa takardun mata maki, saboda ta koya daga takardun shekara goma da yawancinsu na maza ne.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne a haɗa rariyar nan biyu a ƙarƙashin suna ɗaya. Wanda aka ce bai cancanta ba, aƙalla an ƙirga shi cikin mutane, ana iya aika masa saƙon ban haƙuri. Wanda aka yi wa tambarin sifam kuwa ba a ba shi amsa, domin ba a yi wa na'ura ban haƙuri. Kuma alamomin da ake dogara da su suna kama marasa laifi. Ɗalibai hamsin da ke amfani da intanet na makaranta ɗaya za su fito da adireshi ɗaya. Wanda ya adana bayanansa a burauza zai cike fom cikin ƙiftawar ido. Mafi muni shi ne sabon salon cewa duk takardar da ta yi kama da rubutun ƙirƙirarriyar basira sifam ce. Masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada manhajojin gano irin wannan rubutu a 2023, suka ga sun ɗauki fiye da rabin rubutun da waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne suka yi da hannunsu a matsayin na na'ura. A Yulin 2023 OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT, shi ma ya janye tasa manhajar ganowar saboda yawan kuskurenta. Mutumin da ya karanta talla, ya ga ya iya aikin, ya nemi na'ura ta gyara masa nahawu, bai aika sifam ba. Wasiƙa ɗaya ya rubuta zuwa wuri ɗaya da ya zaɓa.

Doka ta fara leƙowa. Birnin New York ya fara tilasta a binciki manhajojin yanke hukuncin ɗaukar aiki don gano ko suna nuna bambanci a Yulin 2023, dokar Tarayyar Turai ta 2024 kan ƙirƙirarriyar basira kuma ta sa irin waɗannan manhajoji cikin rukunin masu babban haɗari. Damuwata ita ce idan aka kira tankaɗen mutane da sunan "tace sifam", sai ya yi kama da shara da ake yi kafin a fara aiki, ba hukunci a kan kowa ba, alhali hukunci ne.

A imel, idan wasiƙar da kake jira ta faɗa akwatin sifam, kai da kanka za ka je ka duba, domin kana jiranta, kuma Gmail na ajiye ta kwana 30 kafin ya goge. Jami'in da ke da takardu ɗari biyar a gabansa ba ya jiran kowa da suna, don haka babu abin da zai kai shi wancan akwati. Mai takardar kuma ba a gaya masa inda ta faɗa ba, yana can yana duba wayarsa.